Wutar da Ta Bi Famfo

Ƙarfe biyu da kwata na rana aka kira ofishin 'yan sanda. Tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko a inuwa kake sai ka jiƙe da gumi. Rahoton gajere ne: wutar lantarki ta kama wata mata a Rafin Guza, ta rasu.

Sufeto Sharhabil ya iso tare da Kofur Yalwa, an riga an kai gawar asibiti. Sunanta Turai, matar mai gidan. Ta je alwalar azahar a famfon ƙarfe na tsakar gida, ƙafa ba takalmi, ta kama kan famfon, shi ke nan.

A zaure wani mutum na zaune a ƙasa, riga a yage, leɓe a fashe. Tijjani mai gyaran wuta ke nan. Matasan unguwa ne suka jawo shi daga shagonsa, kuma da liman bai tsaya a kansa ba, wallahi da gawa biyu za a ɗauka ranar.

Mai gidan, Malam Sanda mai sana'ar ƙanƙara, yana nuna shi da yatsa.

"Shi ya ja mana wayoyin gidan nan, yallaɓai, wata huɗu ke nan. Ya kashe mini mata!"

"Tun da ya gama, wutar ta taɓa ba ku matsala?"

"Ko sau ɗaya."

"Wani ya taɓa akwatin wutar bayansa?"

"Wa zai taɓa? Ni ban san komai a kan wuta ba."

Sufeto ya rubuta. Ya sa aka shigar da Tijjani mota don kada a ƙara taɓa shi. In maganar Sanda ta tabbata, tuhumar kisa ke jiran bawan Allah nan.

Ba a jima ba Injiniya Bilkisu ta iso. Ita ce jami'ar da ta duba wayoyin gidan ta sa hannu a takarda. Ta kori kowa daga bakin famfo, ta ce a kunna injin rijiya. Ana kunnawa aka ji ƙas! Wutar gidan duka ta ɗauke.

"Injin nan ya lalace," in ji ta. "Wuta na zuba cikin bututun ƙarfe har famfo. Amma ka ji ƙarar nan? Bireka ce, aikinta ke nan, da ta ji wuta ta bi inda bai kamata ba sai ta yanke. Lafiyarta ƙalau."

"To yaya aka yi matar ta mutu?"

"Da birekar nan na kan aikinta ɗazu, da matar tana raye."

Sufeto ya koma mota.

"Malam Tijjani, akwai yadda za ka gane in an taɓa aikinka?"

"Akwai, ranka ya daɗe. Duk gidan da injiniya ta sa wa hannu, nakan ɗiga jan farce a kan kowane noti. Na matata nake ɗauka, har faɗa muke yi. An taɓa ɗora mini laifin wani a Unguwar Shanu, tun daga nan na koyi hankali."

Akwatin wutar yana cikin sito. Aka buɗe. Ga jan farce a kan kowane noti, ya bushe, ba abin da ya same shi. Sai notuna huɗu na bireka, nasu ya farfashe, kawunansu duk sun kwarzane.

Bilkisu ta tsuke baki. "Wannan ba aikin sukundireba ba ne. Da wuƙa aka kwance."

A ɗakin ƙarshe akwai 'yar haya, Mardiyya, malamar firamare. Idonta ya yi ja don kuka.

"Malama, wutar gidan nan tana ɗaukewa?"

"Kai! Sati biyu muna fama. Da an kunna injin sai ta ɗauke, yara su yi ta kukan zafi. Ranar Asabar ta daina, muka ce Allah ya kawo sauƙi."

"Da Turai ta faɗi, ina mijinta?"

"Ya ruga sito, ya ce zai kashe wuta."

"Ya fito nan take?"

Ta dubi ƙofa.

"Wutar dai ta ɗauke nan take. Shi kuwa har muka kinkime ta bai fito ba."

Sufeto ya kira Sanda cikin sito. Firiza uku ne a jere. Ya buɗe ɗaya, ya ƙwanƙwasa ƙanƙarar, tauri kamar dutse. A kan taga akwai wuƙar da ake yanka leda, bakinta ya lanƙwashe. Kofur Yalwa ya zazzage buhun ledojin ƙanƙara, wayoyi biyu masu kauri suka faɗo, gajeru, a lanƙwashe.

Bilkisu ta gwada su a kan notunan nan huɗu. Suka zauna cif.

"Da waɗannan aka tsallake bireka," ta ce. "Wuta na wucewa ta gefe, ko me ya faru ba mai yanke ta. Bayan matar ta faɗi ne aka cire su aka ɓoye."

"Malam Sanda, ka ce wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba."

"Na manta ne."

"Ka ce ba ka san komai a kan wuta ba. Matarka na kwance a bakin famfo, me ya zaunar da kai a sito?"

Sanda ya dafa firiza, ya zauna a ƙasa.

"Ƙanƙarata ke narkewa," ya ce. "Sau biyar, sau shida a rana. Wani abokin sana'a ya ce birekar ce mai tsoro, ya nuna mini yadda ake yi. Ban san injin ne ya lalace ba. Wallahi ban sani ba."

"Me ya hana ka kiran Tijjani?"

"Ita ta ce in kira shi. Jiya ma ta ce famfon ya ɗan ja ta. Na ce mata sai zafi ya lafa."

Abin haushi ke nan. Shagon Tijjani bai fi tafiyar minti biyar daga gidan ba.

"Kuma ka tsaya kana kallo ana dukan mutum," in ji Sufeto.



Aka buɗe wa Tijjani mota. Ya fito yana goge baki da hannun riga, ya dubi matasan da ke bakin ƙofa. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi.

Kofur Yalwa ya fito da ankwa. Sanda ya miƙa hannu, sannan ya ɗago kai.

"Yallaɓai, bayan la'asar za a kawo ta. Don Allah a bar ni in yi mata salla."

Sufeto ya dubi agogo.

"Kofur, ka tsaya kusa da shi a sahu. Ana sallamewa ka sa masa."