Hanyar da Kaka Za Ta Iya Bi

Ranar Litinin Baba ya dawo daga aiki da wata takarda a naɗe. Ya shimfiɗa ta a kan tebur. Taswirar gandun daji ce, wanda ke kan dutse.

"Ranar Asabar za mu je, dukanmu, har da Kaka," in ji shi. Ya dubi babbar 'yarsa. "Ke ce 'yar aji shida. Ki zaɓa mana hanyar da za mu bi zuwa inda ruwa ke zubowa."

Kan yarinyar ya kumbura. Ta ɗauko fensir da rula. Hanyoyi uku ne a taswirar: ja, shuɗiya da koriya.

Ko zama ba ta gama yi ba, sai ga ƙanenta, Auta.

"Yaya, akwai zaki a can?"

"Babu."

"To damisa fa?"

"Na ce babu!"

"In na gaji, wa zai goya ni?"

"Wayyo Allah! Mama, ki zo ki ɗauke yaron nan!"

Mama ta amsa daga kicin. "Ki duba mana ko akwai wurin zama a hanya."

"Haba Mama! Yawo za mu je, ba zama ba."

Sai Kaka ta matso a hankali, ta ɗora yatsa a kan jar hanya. "Jikalle, wannan zanen mai kama da haƙoran mataji, mene ne?"

"Kaka, don Allah! Ado ne kawai."

Yarinyar ta yi tsaki, ta ɗauke takardar, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ta auna da rula. Jar hanya ce ta fi gajarta. Shi ke nan, ta zaɓe ta. Ƙananan rubutun da ke ƙasa kuwa, ko kallonsu ba ta yi ba.

Ranar Juma'a da yamma kowa ya taru a falo. Kaka ta wanke takalminta tas, tana zura masa igiya.

"Jar hanya za mu bi," in ji yarinyar.

Baba ya sa tabarau, ya karanta rubutun ƙasa da ƙarfi. "Jar hanya: matakala ɗari huɗu da hamsin."

Ashe zanen nan matakala ne. Kaka kuwa gwiwarta na ciwo. Ko matakala ukun da ke bakin ƙofa, sai an riƙe ta take hawa.

Kaka ta ajiye takalmin. "Ba komai," ta ce. "Ku je abinku. Ku ɗauko min hoto."

Auta ya fashe da kuka. "In babu Kaka, ni ma ba na zuwa!"

Baba ya cire tabarau ya dafe kai. "Kwana huɗu takardar nan na hannunki! Wa kika tambaya?"

"Ni fa duk sun dame ni, Baba."

"Damunki suka yi, ko taimakonki? Mamanki ta yi magana. Kakarki ta nuna miki da yatsa. Kin saurara?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta. Ta je ta durƙusa gaban Kaka.

"Ki yi haƙuri, Kaka. Ban karanta ba, kuma na yi miki tsaki."

"Tashi, sarkin sauri," in ji Kaka tana dariya. "Kawo takardar nan mu gani."

Suka haɗa kai a kan tebur. Koriyar hanya ta fi tsawo, amma ba ta da matakala. Auta ya ƙirga benci bakwai a kanta. Mama ta ce a tashi da sassafe, don a tafi a hankali.

Ranar Asabar suka bi koriyar hanya. Itatuwa sun yi musu inuwa, tsuntsaye na ta kuka. Kaka ta huta a kan kowane benci. Da suka iso, ruwa na zubowa fari fat daga saman dutse, feshinsa na jiƙa musu fuska. Kaka ta riƙe hannun jikarta, ta daɗe tana kallo.

Tun daga ranar yarinyar ta koyi darasi: in ana shirya abin da ya shafi kowa, sai an yi haƙuri an saurari kowa.