Ƙwan da Dahab Bai Bari Ba

Rana ta faɗa bayan tuddan yashi, Sittana tana kwashe gurasa daga tanda, sai dutse ya faɗo tsakar gida, tim. Ta ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga. Na biyu ya faɗo, da na uku, kowanne jiƙe sharkaf da gansakuka, kamar yanzu aka tsamo shi daga ƙasan kogin Nilu.

Gidan mijinta Dahab, kamar gidaje da dama a ƙauyenmu, da kiwon kada yake ci. A haƙo ƙwai a bakin ruwa, a ƙyanƙyashe, a reni 'ya'yan a ramin siminti. Baƙi su biya su kalla, dillalai su zo ta ƙofar baya. A watan ne wata Dakta Mirfat ta zo daga Alƙahira da littafinta, wai tana binciken yadda gidaje ke rayuwa da wannan sana'a. Nawa gare ku? Wa ke saye? Mu dai ba mu yarda da ita ba. Wasu suka ce 'yar leƙen asirin hukuma ce. Wasu suka ce a'a, gidan da ya fi yawan kadoji shi za a ba takardar izini.

Kwana uku ana jifa, kullum da magariba. Dahab ya zargi maƙwabcinsa, har suka ci kwalar juna. Sittana ta zargi dillalai. A rana ta huɗu aka tarar da 'yarsu Nabra kwance rub da ciki a bakin ramin, baki buɗe, ido ba ya ƙiftawa, jiki sanyi ƙalau. Ba ci, ba sha, ba magana.

Da Dakta ta zo dubiya, a ƙofa Dahab ya tare ta.

"Tun da kika shigo da alƙalaminki ba mu ga alheri ba. Fita!"

"Wallahi, Kawu Dahab, tambaya kawai na yi."

Aka ɗauko Shehu Bastawi daga tsallaken kogi, tsoho marar gaggawa. Bayan la'asar ya zauna a gefen yarinyar, ya turara lubban, ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Kadojin ramin suka yi tsit. Sai muƙamuƙin Nabra ya motsa, wata murya ta tsohuwa ta fito, mai kauri, kamar ana magana daga cikin randa.

"Ya ishe ka, Bastawi."

"Wace ce ke?"

"Mutanen ruwa. Kadojin bakin tsibiri kiwonmu ne."

"Wa ya turo ki? Baƙuwar nan?"

Muryar ta yi dariya. "Mai littafi ba ta taɓa min komai ba. Tambayi uban yarinya, ƙwai nawa ya bari a gurbi."

Kowa ya juya ya dubi Dahab. Ko yaron goye a ƙauyenmu ya san mai haƙa gurbi yana barin ƙwai uku, ya watsa dabino a ruwa, ya yi sallama. Dahab ya sunkuyar da kai. So yake lissafinsa ya fi na kowa a littafin Dakta, sai ya kwashe duka.

"Haba, Baban Nabra!" in ji Sittana. "Kana sane ka bari muna zargin bayin Allah?"

"Talatin da ɗaya ya ɗauka," in ji muryar. "Ya mayar, in sake ta."

Dahab ya durƙusa. "Duk an ƙyanƙyashe su, amma talatin ne suka rage. Na sayar da ɗaya, an jeme fatar."

"To ɗaya a bakin ɗaya. Yarinyar tawa ce."

"Ba ki da iko da ran mutum," in ji Shehu. "Wanda ya yi laifi ga shi nan. Faɗi abin da zai biya."

Aka ji kiran salla daga nesa, sannan muryar ta ce:

"Kogin. Kada ƙafarsa ko hannunsa su sake taɓa shi. Ba jirgi, ba taru, ba ko alwala. Ranar da ya taɓa, zan dawo, kuma ba jifa zan yi ba."

Mutumin da aka haifa kusan a cikin kwalekwale! Wallahi na tausaya masa. Ya dubi 'yarsa, ya ce ya yarda.

Maƙwabcin da ya ci wa kwala shi ya mayar da 'ya'yan kadojin can bakin tsibiri. Na ƙarshe na shiga ruwa, Nabra ta yi atishawa, ta tashi zaune tana kuka.

Shekara goma sha tara ke nan. Ranar da aka kai Nabra gidan miji a tsallake, gari duka ya shiga jirage ana kiɗa. Dahab ya rako ta har inda busasshen yashi ya ƙare, ya tsaya.