Ƙwaryar Kaka Mai Ɗinki

A can wani zamani, a wani ƙauye mai yawan inuwa, an yi wata tsohuwa mai farar ƙwarya da ta gada wurin mahaifiyarta. Kullum da rana sai ta dama fura a ciki, ta zauna gindin durumi. Duk wanda ya gifta, ɗan gari ko baƙo, sai ta miƙa masa ta ce, "Sha ka ƙoshi."

Ran nan jikarta ta ɗauki ƙwaryar a ɓoye, ta ɗora a ka tana rangwaɗa, wai ita mai tallar nono. Ƙwarya ta suɓuce, ta tsage biyu. Yarinya ta tura ta ƙarƙashin rumbu, ta gudu bayan ɗaki ta laɓe, ga tsoro ga yunwa.

Da la'asar ta kasa jurewa. Ta fito tana kuka ta ce, "Kaka, ni na fasa. Yanzu kin daina sona, ko?"

Tsohuwa ta ce, "Ke kika fashe ko ƙwarya? Miƙo mini basilla."

Ta zauna ta ɗinke tsagar tsaf, ta dama fura mai kauri, ta fara miƙa wa jikar. "Sha ki ƙoshi."

Shekaru suka shuɗe, Kaka ta rasu, yarinya ta yi furfura. Ta mallaki ƙore masu kyau iri-iri, amma duk yaron da ya yi mata ɓarna, a mai ɗinkin nan take dama masa fura.