Ruwan Batir a Gindin Tsamiya

Shekara bakwai Sharhabilu ya yi a Jos wajen Turawan kuza, sai rasuwar mahaifinsa ta dawo da shi Dutse a kan wani tsohon babur da ubangidansa ya bar masa. Kwana bakwai ya yi niyyar yi. Amma dainamon da ke ba batir wuta ya mutu, dole ya zauna jiran sabo daga Kano, ransa kuwa na kan hanya.

Ranar da sabon ya iso, tun la'asar yake tsugune a tsakar gida. Ya kwance tsohon, ya ɗaura sabon, ya haɗa wayoyi. Rana na faɗawa bayan duwatsu, ya ɗauki batir ya tuntsurar da tsohon ruwansa a gindin tsamiyar gidan.

"Kai! Da magariba, ko bismilla babu?" in ji Iyatu, mahaifiyarsa, tun bai gama zubarwa ba.

"Inna, ruwa ne fa kawai."

Ƙasa ta yi cuu, ta taso da kumfa. Kaji suka yi tsit. Can sai dutse ya faɗo a kan tukunyar tuwo, wani ya biyo baya, alhali babu kowa a bayan katanga. Daga cikin ɗaki ƙanwarsa Mu'minatu ta ƙwalla ƙara.

"Yaya, wa ya kashe fitila?"

A lokacin ko kunna fitila ba a yi ba. Idanunta a buɗe suke, ba ta ganin komai.

Kwana uku ana jifa duk magariba, yarinya na kuka da muryar jariri. A na huɗu aka ɗauko Malam Ashafa daga Kiyawa. Ya zauna kusa da kanta, ya daɗe yana karatu, har wata murya ta fito daga bakinta, muryar tsohuwa, a dishe.

"Daina ƙona ni, Malam. Tun kafin a haƙa rijiyar gidan nan nake cikin tsamiyar nan. Ɗana na kwance, wannan ya watsa masa wuta a fuska. Ido biyu ya rasa."

"Bai sani ba, baiwar Allah."

"Uwarsa ta gaya masa."

Sharhabilu ya durƙusa. "To ki ɗauki nawa mana."

"Naka? Ka makance ka huta? A'a. Ka gani dai."

Malam ya yi tayin rago, ta ƙi. Ya koma karatu har gumi ya jiƙa masa rawani, sannan ta sassauta.

"Idonta ɗaya na riƙe, ba ya dawowa. Ɗayan zan bar mata aro. Ya binne sabon ƙarfen a inda ya yi ɓarna. Ranar da ya tono shi, ko ya kwana a wani gari, na zo na karɓi abina."

Da hannunsa ya kwance dainamon, ko sau ɗaya bai ji kukansa ba. Ya binne shi a gindin tsamiyar. Yana mayar da ƙasa Mu'minatu ta yi atishawa sau uku, ta ce tana ganin Inna, dishi-dishi.

Babur ɗin na nan jingine da rumbu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Wani lokaci in mota ta yi kuka can kan hanyar Kano, Sharhabilu yakan tsaya da fartanya a hannu yana saurare. Sai Mu'minatu ta juyo da ido ɗayan nan ta dube shi. Shi kuma ya sunkuya ya ci gaba da noma.