Ranar da Kaka Ya Fito a Talabijin

A garin Rogo akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana zaune tare da kakanta, Malam Sulle. Shekarun baya fari ya kashe masa shanu a can arewa, shi ya sa ya dawo nan da zama.

Wata rana malaminsu, Malam Gwadabe, ya ce, "Jibi ma'aikatan gandun daji za su zo daga Ƙaraye. Za su nuna bidiyo kan yadda ruwan sama ke raguwa." Sai ya dube ta. "Ki ce da kakanki ya zo ya yi wa mutane bayani. Shi ya gani da idonsa."

Ta ce, "To, Malam."

Amma a hanya ta shiga tunani. Hausar Kaka gauraye take da Fillanci, ga haƙoransa sun zube. Ai 'yan aji dariya za su yi mata! Sai ta ƙi faɗa masa.

Ranar ta zo. Aka tayar da janareta, aka rufe tagogi da tabarmi. Iyaye suka cika ajin. A bidiyon suka ga rairayi ya binne gonaki, rijiyoyi sun ƙafe.

Wani manomi ya miƙe ya ce, "Wannan ai can nesa ne. Ina ruwanmu?"

Mutane suka watse. Dashen itatuwan da aka kawo, ko ɗaya ba wanda ya ɗauka.

Malam Gwadabe ya kira ta. "Lafiya kakanki bai zo ba?"

Ta fashe da kuka, ta faɗi gaskiya.

Ya ce, "Ba ni za ki ba haƙuri ba. Je ki gida."

Ta sami Kaka yana gyaran igiya. Ta durƙusa ta gaya masa komai. Sai ya dafa kanta.

"Share hawayenki. Gaskiya ne, Hausata ba ta fita sosai. To, ke fa? Ba sai ki taimake ni ba?"

Washegari ta sanar da Malam Gwadabe, sai ma'aikatan suka zo har gida da kyamara. Kaka ya ba da labarin garinsu, yadda aka sare itatuwa, damina ta gajarta, shanunsa arba'in suka mutu. Inda Hausa ta ƙwace masa, jikarsa ta fassara.

Ran kasuwa aka nuna bidiyon Kaka a talabijin. Mutane suka taru suna kallo.

Manomin nan ya ce, "Ashe Malam Sulle namu ne abin ya shafa! A ba ni dashe biyar."

Kafin la'asar dashen ya ƙare.

Daga ranar yarinyar ta gane cewa saƙo amana ne, kuma tsofaffinmu ba abin kunya ba ne. Abin da suka sani yana da amfani ga kowa.