Niƙan Magariba

Ranar Talata, ana shirin kiran magariba, Lami tana tsakar gida tana kwashe tuwo sai ta ji ƙarar niƙa daga ɗakin 'yarta. Ƙara ce mai nauyi, ta tafi ta dawo, irin ta dutse a kan dutse. Gidansu na Daura kuwa ba shi da dutsen niƙa. Tun da aka yi aurenta inji suke kai hatsi.

Ta ɗaga labule. Khairunnisa, 'yar shekara goma sha huɗu, tana durƙushe a kan siminti, ta dunƙule hannuwa biyu tana gurza su a ƙasa, gaba da baya. Idonta a buɗe yake, amma ba ya kallon komai. Fatar gaɓoɓin yatsunta ta riga ta saluɓe. Sai da ladan ya gama kira sannan ta faɗi gefe ɗaya, ta farka tana kuka tana tambayar wa ya ji mata ciwo.

Kwana uku kafin nan, maigidan, Sama'ila, shugaban wata makarantar sakandare, ya kwashe su a mota yawon ganin wuraren tarihi. Sun tsaya a ragowar wata ganuwa, sun leƙa tsohuwar marina da ƙasa ta cike ramukanta. Daga ƙarshe suka hau wani dutse a bakin hanyar garin Babban Mutum, inda mutane suka taɓa zama a zamanin da. A kan falalen akwai ramuka goma sha ɗaya masu santsi, wuraren da mata suka yi ta niƙa har dutse ya lotsa. Cikin ɗaya akwai ɗan dutsen niƙa, baƙi sumul. Tsohon da ke kula da wurin ya ce su duba, su ɗauki hoto, amma kada kowa ya ɗaga shi.

Wannan ɗan dutsen Lami ta tarar a ƙasan jakar Khairunnisa ranar Laraba.

"Wallahi Baba ban ɗauko ba," in ji yarinyar.

Sama'ila ya mare ta, da hannuwanta naɗe cikin bandeji. Ya ce ɓarauniya ce, ta jawo musu abin kunya, kada maganar ta fita waje.

Kullum rana ta yi ja, sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sai yarinyar ta durƙusa. Sun shimfiɗa katifa, ta ture ta. Sun ɗaure hannuwan da zane, ta tsinke shi. Ranar Juma'a Lami ta hango farin ƙashi a yatsan tsakiya. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta aika garin Mai'adua a kira Malam Kalilu, dattijon da aka sani da ruƙiyya.

Ya iso bayan la'asar, ya zauna a tabarma, ya sa aka ajiye ɗan dutsen a gabansa. Da tsakuwar farko ta faɗo sai ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi. Can hannuwan yarinyar suka tsaya cak.

"Ka ƙona ni, Kalilu." Muryar tsohuwa ce, a dishe, daga bakin Khairunnisa.

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Niƙa nake yi a dutsen can tun kafin a haifi kakan kakanka. An ɗauke mini ɗan dutse. Da me zan yi niƙa? Na samu hannuwa masu taushi, na ara."

"Zalunci ne. Ki ji tsoron Allah. Ko da ta ɗauka, yarinya ce."

Tsohuwar ta yi dariya, kan yarinyar ya juya a hankali wajen ƙofa, inda uban yake tsaye.

"Ba ita ta ɗauka ba. Sama'ila, faɗa musu. Ka so ka ajiye shi a teburin ofis baƙi su yaba. Ka ji tsoron mai gadi ya ga aljihunka ya kumbura, ka zura a jakarta."

Lami ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi ƙasa.

Malam Kalilu ya ce za a mayar da dutsen gobe, ta fita yanzu. Tsohuwar ta ce mayarwa kaɗai ba ta isa ba, kwana shida ta yi ba gari. Hannun da ya ɗauka shi zai mayar, ya durƙusa a ramin da rana tsaka, ya niƙa mata mudu ɗaya na gero, ya bar rabi a wurin, ya kawo rabi gida.

"In ya yi, na rabu da gidan nan har abada. In bai yi ba, hannuwan nan nawa ne, kuma karatunka ba zai raba mu ba, don da bakinsa zai ɗauki alkawarin."

"Na ɗauka," in ji Sama'ila.

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta kwanta, barci ya ɗauke ta.

Washegari Asabar ya tafi shi kaɗai da gero a buhu. Da ya isa, ya tarar da bas biyu a gindin dutsen, ɗalibai ne aka kawo yawon ganin tarihi. Malamansu sun san shi. Suka taso suna "Ranka ya daɗe," suna roƙon ya yi wa yara bayani. Ya tsaya cikin farar shaddarsa ya yi musu bayanin ramukan, aka tafa masa. Ya dubi ramin, ya dubi wayoyin da ke hannun yaran. Da hankali ya koma wani wajen, ya saki ɗan dutsen a mazauninsa ya sauko. A ƙauyen gaba akwai inji.

Ya dawo gida dab da magariba, ya miƙa wa Lami ƙwarya.

"Ga shi. An gama."

Ta zauna ta ɗauko rariya ta tankaɗe garin. Ta murza shi tsakanin yatsu. Ta ɗebi kaɗan ta sa a baki, ta tauna a hankali. A ƙauye ta tashi, ta san garin dutse ba ya rasa ɗan yashi da ke ƙara a haƙori. Wannan laushi gare shi kamar hoda.

"Baban Khairi, nuna mini tafin hannunka."

"An kusa kiran salla," in ji shi. Ya sa takalmi ya fita.

Tsakuwar farko ta sauka a kan kwano. Daga cikin ɗaki Khairunnisa ta ce, "Umma, ai Baba ya yi, ko?"

Lami ta juya wajen ɗakin. Ta ji gwiwoyi biyu sun dira a kan siminti.