Hannun da Ya Zuba Ruwan

Burodi na fita saye. Ana gab da kiran magariba a Harami, na bar 'yata Asiya tana barci a kan tabarma, ubanta Lurwanu yana kunna risho zai dafa shayi. A unguwar Tandabawi ta Makka muke zaune a lokacin, wajen shekarar 1965, cikin wani lungu da jakuna biyu ba sa iya wucewa tare. Zafi ake yi irin na Makka, wanda ko bango ka jingina da shi sai ya gasa maka baya.

Ina dawowa na ji ƙarni. Ƙarnin kifi ne, haɗe da kwalta da jiƙaƙƙen katako. Na san shi sarai. Da shi kayan Lurwanu suka dawo daga tafiya, na yi ta wanki har hannuwana suka yi kanta, bai fita ba.

Lurwanu mai shayi ne a gidan wani attajirin Jidda, mutumin da ya rantse ba ya shan shayin kowa sai nasa. A shekarar nan attajirin ya tafi hutu ƙasar Turawa. Abokan cinikinsa suka ɗauke shi yawo a jirgin ruwa irin mai manyan ƙyallaye da iska ke turawa, shi kuma ya ja mijina da butarsa. Suka yi ta bin gaɓar teku har suka ɗaure jirgi a wani gari na ƙasar Norwe, wai shi Bergen.

Ya ce gari ne mai kyau. Gidajen katako ja da rawaya jere a bakin ruwa, tsaunuka a bayansu, busasshen kifi jibge a kasuwa, yayyafi kuma da wuya ya ɗauke. Sai dai ranar can ba ta da kunya. Mutane su ci abincin dare, su rufe shaguna, ita tana nan tsaye ta ƙi faɗuwa. Ba ladan, ba kiran salla.

Mijina kuwa mutum ne mai kiyayewa. Tun yana yaro uwarsa ta hore shi cewa ba a zubar da ruwan zafi da almuru sai da bisimilla, domin lokacin ne mutanen ɓoye ke fitowa da 'ya'yansu shan iska. A Makka kiran salla ke tuna masa. Can kuwa ya ɗaga kai ya ga hasken la'asar. Ya gama ba baƙi shayi, ya ɗauki ragowar tafasasshen ruwan ya kwara ta tsakanin katakan gadar da aka ɗaure jirgin. Bai yi bisimilla ba.

Sai ya ji kuka a ƙarƙashin katakon, siriri, ya kuma yanke nan take.

Ubangidan ya yi dariya ya ce tsuntsun teku ne. Lurwanu ya tambayi matuƙin jirgin lokaci, da aka faɗa masa sai ya gane da a gida ne da tuni almuru ya yi. Tun daga ranar, kullum da safe sai ya tarar da sawun ƙafa jiƙe a bakin inda yake kwana. Da ya ba ni labari na ce ya kwantar da hankalinsa, ai ya dawo ƙasa mai tsarki. Ni ce na faɗi haka da bakina, kuma na yarda da shi.

Yanzu ga ƙarnin a lungunmu.

Na dubi ƙasa. Sawu ne a kan busasshiyar ƙura, dogaye, kowanne da ruwa kwance a ciki. Ƙofarmu suka nufa.

Wata mata ce tsaye a bakin ƙofar, doguwa, fara fat, gashinta yana ɗiga. Ta rungume wani abu a ƙirji cikin tsumma. Sanyi yana fitowa daga jikinta kamar an buɗe randa.

Ta juyo.

"Nan ne gidan mai shayi?"

Da Hausa ta yi tambayar, a hankali, kuma da muryar mijina.

Burodin ya faɗi daga hannuna. Kafin in ƙifta ido ba ta wurin. Ban ji ƙarar ƙofa ba.

Na faɗa ɗaki da gudu. Lurwanu yana zaune gaban risho, ya sandare, idanunsa kaɗai ke motsi. Numfashinsa yana fita fari kamar hayaƙi. Butar tana tafasa, murfinta yana kaɗawa.

Matar tana tsugune kusa da tabarmar Asiya.

Ta warware tsumman ta nuna mana. Jariri ne. Rabin fuskarsa ba fata.

Na buɗe baki zan yi a'uziyya, harshena ya yi nauyi. Ƙafafuna suka ƙi ɗaguwa.

Butar ta tashi daga kan risho. Ba wanda ya taɓa ta. Ta taho a hankali, tana huci, ta tsaya daidai saman fuskar 'yata.

Ta fara karkacewa.

A lokacin ladan ya ɗaga murya daga Harami. Ban san ko shi ya kwance Lurwanu ba. Na dai ga ya kife, ya ja ciki, ya ɗora hannunsa na dama a kan fuskar yarinyar.

"Ni na zuba," in ji shi, muryarsa da ƙyar take fita. "Wannan hannun ne. Ki bar ta."

Ta dube shi. Ta dubi hannun.

Ta juye butar duka.

Bai janye ba. Na ji ƙaurin fata. Asiya ta tsala ihu, ƙafafuna suka saku, na fizgo ta daga ƙarƙashinsa na yi waje, ban tsaya ba sai ɗakin maƙwabciyarmu Ummulkhairi. Da maza suka shiga, Lurwanu kaɗai suka tarar a sume, ga ruwa mai gishiri kwance a tsakar ɗaki.

Ɗigo ɗaya ne ya samu Asiya, a bayan kunne. Hannun ubanta ya warke amma ya shanye, kuma ko da tsakar rana ka taɓa shi sanyi ƙalau. Attajirin da ba ya shan shayin kowa sai nasa ya sami wani mai shayi kafin ciwon ya bushe.

Ummulkhairi ta sha ce mini in yi haƙuri, wai matar nan ita ma uwa ce, an ƙona mata ɗa. Lurwanu ma in ya ga na haɗe rai sai ya ce, "Khalas, shi ke nan ya Rakiya, ta ɗauki haƙƙinta." To ni ban yafe ba. Shi bai san da ɗanta a ƙarƙashin katako ba. Ita kuwa ta ƙetaro teku bayan teku, ta tsuguna, ta ga 'yata tana barci da babban yatsa a baki, sannan ta karkata butar.

Butar tana nan, ban yar ba. Kullum da almuru ni nake ɗora ta a wuta, in ja kujera in zauna bakin ƙofa ina shinshina iska. Ranar da na sake jin ƙarnin nan, na san inda zan zuba, kuma ba zan yi bisimilla ba.